Lugu, garin Sarauniya: tarihin wurin ziyara da ba shi da ganuwa

Gabatarwa

Matafiyin da ya bar Yamai ya nufi gabas bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 yana ratsa wurare uku da masu yawon buɗe ido suka daɗe da sani tun kafin ya kai iyakar jahar Tawa. Na farko shi ne dajin Kure, kimanin kilomita 60 daga babban birni, inda raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke kiwo a gefen gonakin gero. Na biyu shi ne fadar Zarmakoy a birnin Doso, wadda aka gina a 1904. Na uku kuwa duwatsun Dogondutsi ne, jajaye masu shimfiɗaɗɗen kai, waɗanda suke tsaye bisa kwarin Dallol Mawri, kuma daga gare su garin ya samo sunansa. Duk ukun abubuwa ne da ido yake kamawa nan take.

Akwai wuri na huɗu wanda ba a hango shi daga kan hanya. Sai an wuce Dogondutsi, an shiga ƙasar Ɗan Kassari, sannan a saki kwalta a bi turbar rairayi zuwa arewa. A ƙarshen turbar akwai wani ƙaramin ƙauye a gindin tuddai, sunansa Lugu. Babu ganuwa, babu soro, babu hasumiya irin ta Gobarau ta Katsina ko ta masallacin Agadas. Duk da haka, a shekarar 2006, da gwamnatin Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO jerin wuraren da take fatan a sanya cikin kayan gadon duniya, sunan Lugu yana ciki, tare da fadar Doso da yankin raƙuman dawa. Me ya kai ƙauyen bukkoki cikin wannan jeri? Kuma me baƙo yake zuwa gani a wurin da babu ginin da za a nuna masa? Amsar tana cikin tarihin garin, da kuma tarihin yadda aka riƙa ba da labarinsa.

Ƴan ƙasa da ƴan sarauta

Arewa da ake nufi a nan ita ce ƙasar Arawa, waɗanda Zabarmawa suke kira Mawri, mutanen da aka sani da tsagen da ke tashi daga gefen baki zuwa kunne. Ƙasar ta mamaye gundumomin Dogondutsi da Tibiri na yau, ta kuma tsallaka iyaka zuwa yankin Kangiwa a jahar Kabi ta Najeriya.

Labarin baka na yankin ya kasa mutanen ƙasar gida biyu. Akwai waɗanda suka riga kowa zama, wato Gubawa, da ake ce wa ƴan ƙasa. Bisa abin da magabata suka faɗa, wata mace ce ta jagoranci zuwansu daga Daura, tana biye da wani dutse mai suna Tunguma, har dutsen ya tsaya a inda aka kafa Lugu. Ita ce Sarauniya ta farko. A Bagaji kuma, wanda shi ma yake cikin ƙasar Ɗan Kassari, aka kafa gidan Baura. Waɗannan gidaje biyu su ne suka ƙulla alkawari da ƙasa da iskokinta, su ne masu buɗe daji, masu roƙon ruwa, masu duba lafiyar shekara.

Daga baya sai ƴan sarauta suka zo. Ana cewa wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya sauka a Bagaji, ya auri ɗiyar Baura, ta haifa masa Akazama, wanda ya zama Sarkin Arewa na farko. Daga sunan Ari ne kuma ake jin sunan ƙasar ya fito. Masu bincike suna kirdadon wannan al'amari wajen ƙarni na 17. Bafaranshen nan Marc-Henri Piault, wanda ya wallafa *Histoire Mawri* a 1970, ya nuna cewa tsarin Arewa gaba ɗaya ya ginu ne bisa wannan rabo: doki da takobi da haraji suna hannun sarakuna, waɗanda Matankari ta zama babbar cibiyarsu, ƙasa da abin da ke cikinta kuwa suna hannun ƴan ƙasa. Sarki yana mulkin mutane, amma bai mallaki ƙasar da suke takawa ba.

Saboda haka sarautar Lugu ba irin ta fada ba ce. Masu binciken da suka zauna a garin sun bayyana Sarauniya a matsayin mace mai sanye da fararen tufafi, mai zama cikin bukkarta tana kaɗin auduga, ba ta yawo, ba ta tara dukiya, ba ta da dogarai. Ba a gadon kujerarta daga uwa zuwa ɗiya kai tsaye. Idan ta rasu, ana ɗaukar gawarta bisa makara a zagaya da ita, har makarar ta nufi macen da za ta gaje ta; wannan al'ada ita ake kira tarkama. Dutsen Tunguma kuma, wanda mazauninsa yake a fili nesa kaɗan da gari, ya zama wurin shari'a shekaru aru-aru: masu rigimar gona, da wanda aka yi wa sata, da wanda ake tuhuma, sukan zo daga nesa don a tambaye shi gaskiyar magana.

Wannan tsari ya tsallake ƙarni na 19 bai rushe ba. Lokacin da daular Sakkwato ta shimfiɗa ikonta bisa yawancin ƙasar Hausa, Arewa ta kasance cikin ƙasashen da suka yi ta turjiya, ta haɗa kai da Kabawa da Zabarmawan Doso a tawayen da ya tashi a tsakiyar ƙarnin. Garin da ke tazarar tafiyar ƴan kwanaki daga Sakkwato ya ci gaba da riƙe addinin Azna har zuwan Nasara.

Afrilu 1899

A ƙarshen 1898 gwamnatin Faransa ta tura wani ayarin soja ƙarƙashin Kapitan Paul Voulet da Kapitan Julien Chanoine, da umurnin su tashi daga kogin Kwara su kai tafkin Cadi. A watan Yuni na wannan shekarar Faransa da Ingila sun riga sun raba ƙasar bisa takarda: an zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka bar abin da ke cikinta ga Ingila. Hanyar da ta rage wa Faransawa ta arewa ce, mai ƙarancin rijiyoyi. Ayarin kuwa, in an haɗa sojoji da masu dako da mata da waɗanda aka kama a hanya, ya haura mutum dubu, ban da dabbobi. Taron da ya kai haka ba ya rayuwa a ƙasar rani sai ya kwashe rumbuna ya ƙafar da rijiyoyin mutane. Voulet ya zaɓi ya bi inda ruwa da hatsi suke, ko da a cikin rabon Ingila ne, ya kuma karɓe su da wuta. Tun a watan Janairu 1899, a Sansane Hausa da ke bakin kogi, aka fara kisan gilla.

Labarin ya riga ayarin isowa Arewa. Wasu garuruwa suka watse, wasu suka kai gaisuwa da kyautai don su tsira. Lugu, a zamanin Sarauniya Mangu, ta ƙi. A tsakiyar watan Afrilu 1899 aka gwabza. Maharban Lugu da na ƙauyukan da ke kewaye ba su tsaya a fili ba, inda bindiga take da rinjaye. Sun ja da baya zuwa cikin sarƙaƙƙiyar daji da ke gindin tuddai, suna sako kibau masu dafi. Bisa lissafin Faransawa da kansu, sun rasa soja 4, an raunata 6, sun kuma ƙone harsashi wajen 7,000. Ba su ƙidaya gawawwakin mutanen Lugu ba. Sun cinna wa garin wuta, suka wuce.

A farkon watan Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, inda ɓarnar ta fi ta ko'ina muni. A lokacin labarin ta'asar ya riga ya kai Paris ta hanyar wasiƙar wani hafsa da ya bar ayarin, aka aiko Kolonel Klobb ya bi sawunsu ya karɓe jagoranci. Bai sha wahalar neman hanya ba, domin ƙonannun garuruwa ne suka yi masa jagora. Ranar 14 ga Yuli 1899, a Dankori ta ƙasar Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojin ayarin suka juya wa shugabanninsu baya, suka kashe Chanoine, sannan Voulet. Kaburburansu suna Mai Jirgi. Sauran ayarin ya ci Damagaram a ƙarshen watan, sannan ƙarƙashin Joalland da Meynier ya kai Cadi, ya kuma halarci yaƙin Kusuri na Afrilu 1900 inda aka kashe Rabe.

A lissafin soja, Lugu ta sha kashi. Amma wata uku kacal ke tsakanin ƙona garin da mutuwar waɗanda suka ƙona shi, kuma mutane da yawa a Arewa ba su ɗauki wannan a matsayin katari ba. A wurinsu, wanda ya taɓa gidan ƴan ƙasa ba ya gamawa lafiya. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka gyara iyaka, yankin ya tabbata a hannun Faransa, Dogondutsi ta zama mazaunin hukuma, Lugu kuma ta koma gefe. An sake gina bukkoki, sarauta ta ci gaba, sai dai garin bai sake cika kamar da ba.

Sarauniya uku

Shekara 80 bayan yaƙin, kaɗan ne a wajen Arewa suka san sunan Mangu. A takardun Faransa ƴan layuka ne kawai suka ambace ta. Joalland, wanda ya wallafa labarin tafiyar a 1930 cikin littafinsa *Le drame de Dankori*, ya kwatanta ta da tsohuwar matsafiya da ta aiko musu da saƙon raini. Wannan ita ce Sarauniya ta farko da takarda ta sani: abokiyar gaba da ba a ga ma fuskarta ba.

Ta biyu ta fito daga alƙalamin Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku. A 1980 ya wallafa ƙagaggen labarinsa *Sarraounia*. Mamani ya ɗauki ƴan layukan Nasara da abin da ya ji daga bakin mutane, ya gina jaruma matashiya, mai baka da kwari, mai jan mayaƙa da kanta, mai fuskantar Nasara ta gaba da kuma masu neman musuluntar da ita ta baya. Aikin marubuci ke nan, kuma Nijar ta lokacin tana bukatar gwarzon da za ta ɗaga a gaban tarihin mulkin mallaka. A 1986 Med Hondo, ɗan ƙasar Muritaniya, ya mai da littafin fim, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Abin lura shi ne, ba a Nijar aka ɗauki fim ɗin ba, a Burkina Faso ne, kuma wadda ta fito a matsayin Sarauniya, Aï Keïta, ƴar can ce. Tuddan da duniya ta gani a majigi ba na Lugu ba ne.

Daga nan sunan ya bazu. Ya shiga littattafan makaranta, aka raɗa shi wa makarantu da gidan rediyo da talabijin a Yamai, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka yi ta nuna labarin. Bayan sauyin mulki na 2023 hukumomi sun ƙirƙiro lambar yabo ta ƙasa mai ɗauke da sunan Sarauniya Mangu.

Ta uku ita ce wadda Lugu da kanta ta riƙe. A bakin dattawan garin, Mangu ɗaya ce cikin jerin sarauniyoyi, akwai na gabanta, akwai na bayanta. Ƙarfinta yana cikin alkawarin da ke tsakanin gidanta da ƙasa, kuma maza ne suka ja baka a ranar yaƙi. Wannan Sarauniya ba ta da ƙyalƙyalin ta fim, amma ita ce take bayyana dalilin da ya sa Lugu ta ƙi gudu lokacin da garuruwan da suka fi ta dawaki suka sunkuya: sarki yana iya ƙaura da fadarsa ya dawo, mai tsaron ƙasa kuwa in ya miƙa wurin da aka ba shi amana, ba shi da sauran abin da zai tsare.

Baƙi da hanyarsu

Yawon buɗe ido a Nijar ya fara bunƙasa ne a arewacin ƙasa. A shekarun 1980 Turawa sun yi ta kwarara Agadas da duwatsun Ayar da hamadar Tenere, tseren motoci na Paris-Dakar kuma yana ƙara tallata yankin. Tawayen 1990 zuwa 1995, da na 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, suka rufe wannan ƙofa sannu a hankali. Sai baƙi suka karkata ga abin da ke kusa da Yamai: gandun dajin W, wanda ya shiga kayan gadon duniya a 1996, da kuma Kure.

Labarin Kure ya cancanci a tsaya a kansa, domin darasi ne. A 1996 raƙuman dawan da suka rage ba su kai 50 ba. Aka hana farautarsu, aka horar da ƴan jagora daga ƙauyukan yankin, aka riƙa tallafa wa manoman da dabbobin suke ci wa wake, har mazauna wurin suka ga cewa raƙumin dawa mai rai ya fi matacce amfani. Kafin 2020 adadinsu ya haura 600, har aka kwashi 8 a 2018 aka kai gandun Gadabeji don a kafa garke na biyu. Abin da ya ceci dabbobin shi ne an sa makwabtansu cikin lissafi.

Lugu ba ta taɓa samun irin wannan cunkoso ba. Baƙinta ƴan kaɗan ne: masu bincike, ƴan jarida, ɗalibai, da membobin ƙungiyoyin ƙawance, irin na Dogondutsi da garin Orsay, ko na Ɗan Kassari da Cesson-Sévigné a Faransa. Ƙungiyar Tarbiyya Tatali, mai ayyukan makaranta da ruwan sha a yankin, ta taimaka aka fitar da littafin *Lougou et Saraouniya*, wanda ƴan Arewa da Faransawa suka rubuta tare, suka ba maganar mutanen garin fili. Sau da yawa baƙon da ya zo da hoton fim a kansa yakan yi turus: ya zo neman fada da mayaƙa, ya tarar da bukka da tsohuwa mai mazari. Hausawa suna cewa gani ya kori ji. A Lugu kuwa, wanda ya gani bai ji ba, bai ga kome ba. Sai an zauna an saurara tuddan suke zama mafakar maharba, fili ya zama wurin shari'a, bukka ta zama cibiyar ƙasa.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin Kure, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da ƴan Nijar 2, direba da shugaban ƴan jagora. Daga ranar baƙin waje suka ɗauke ƙafa daga hanyar gabas, rashin tsaro kuma ya taɓa wasu sassan gundumar Dogondutsi kanta. A cikin jerin 2006, tsohon birnin Agadas ya samu shiga kayan gadon duniya a 2013. Lugu tana nan a matakin jira.

Abin da ke cikin haɗari

Ginin ƙasa in ya tsage ana yaɓe shi. Gadon Lugu kuwa a cikin kawunan mutane yake, kuma abubuwa uku suna cin sa.

Na farko mutuwa ce da ƙaura. Dattawan da suka ji labarin 1899 daga bakin waɗanda suka gani da ido suna ƙarewa, matasa kuma suna tafiya cin rani Najeriya da biranen bakin teku. Jerin sunayen sarauniyoyi, da kirarinsu, da sunayen garuruwan da suka samo tushe daga Lugu, duk suna iya tafiya tare da tsoho ɗaya.

Na biyu kunya ce. Musulunci ya game Arewa a ƙarni na 20, kuma Adeline Masquelier, wadda ta yi bincike kan bori a Dogondutsi ta wallafa littafinta a 2001, ta nuna yadda masu tsohuwar al'ada suka koma saniyar ware a garin da kakanninsu suka kafa. Yaro da yawa ɗan asalin Lugu ya tashi yana ɓoye tushensa don kada a kira shi arne. Amma sanin tarihi daban, bauta daban. Kanawa suna koya wa ƴaƴansu labarin Barbushe da dutsen Dala, Daurawa suna kai baƙi rijiyar Kusugu, babu wanda ya ce imaninsu ya ragu. Ba a neman kowa ya yi imani da Tunguma. Ana neman a san cewa kafin alƙali da kwamanda, Arawa suna da hanyarsu ta raba gardama, kuma mace ce take riƙe da mafi girman amanar ƙasarsu.

Na uku shi ne shahara kanta. Yayin da sunan Sarauniya yake ƙara ɗaukaka a birni, ƙauyenta yana ƙara nisa. Ɗalibi a Dogondutsi yana iya ba da labarin littafin Mamani daga farko har ƙarshe, bai kuwa san cewa Lugu tana cikin gundumarsu ba, ko cewa sarautar ba ta ƙare da Mangu ba.

Kammalawa

Tun da baƙin nesa sun yanke, masu ziyarar da suka rage wa Lugu su ne na kusa, kuma dama su ne suka fi cancanta. Malamin da ke koyar da *Sarraounia* a ajin Faransanci yana iya ajiye labarin Joalland da na dattawan Arewa kusa da shi, ya bar ɗalibai su gano da kansu inda ukun suka haɗu da inda suka rabu. Babu darasin tarihi da ya fi wannan koya wa yaro auna magana. Malamin Hausa yana iya tura kowane ɗalibi wurin kakarsa ya rubuto abin da gidansu ya sani game da shekarar da Nasara suka ƙona garuruwa, da Hausar da aka faɗa masa, ba tare da gyara ta zuwa ta Kano ba. Ƙungiyoyin raya al'adu kuma suna iya ɗaukar muryoyin tsofaffi a Lugu da Bagaji da Matankari, su ajiye kofi a makarantun yankin, tun da wayar hannu ta sauƙaƙa abin da a da sai mai bincike daga Turai.

Idan hanya ta yi lafiya aka kai ɗalibai, to a je da ladabin baƙo: a nemi izini wurin masu gari, a yi gaisuwa yadda suka tsara, kada a ɗauki hoto sai an yarda, kuma abin da ziyarar ta kawo ya tsaya a garin, kamar yadda aka yi a Kure. Mutanen Lugu ba kayan kallo ba ne. Su ne suka riƙe wannan amana fiye da shekara 120 bayan an ƙone musu gari, ba da kuɗin hukuma ba, ba da takardar UNESCO ba, kuma duk wanda zai ba da labarin Sarauniya a aji ko a dandali, daga wurinsu ya kamata ya fara tambaya.